BABI NA UKU: UNGUWA DA WAƘA A GAMBARAR ZAMANI TA BIRNIN NEW ORLEANS

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda gambarar zamani, wato kiɗa da waƙar da ake kira hip-hop ko rap, ta samo asali a unguwar Bronx ta birnin Niyok wajejen shekarar 1973, da kuma yadda ta bazu zuwa sauran sassan Amurka. A wannan babi kuwa za a ɗauki birni ɗaya tak, wato New Orleans da ke jihar Luwiziyana a kudancin Amurka, a yi nazarin yadda wannan waƙa ta sauka a cikinsa har ta rikiɗa ta zama tasa. Za a duba muhallin birnin da kaɗe-kaɗen da ta tarar, sannan a bi tarihinta daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa bayan ambaliyar 2005, tare da kawo fitattun mawaƙa da kamfanonin da suka ɗauki nauyinsu.

Manufar babin ita ce a nuna cewa unguwa ita ce ginshiƙin gambarar wannan birni. A cikin unguwa aka ƙirƙiro kiɗan, sunayen unguwanni ake rerawa, kuma mutanen unguwa ne suka fara sayen kaset ɗin. Abin da ya sa batun ya cancanci nazari shi ne, mafi yawan unguwannin da waƙar ta ɗaukaka an rushe su, an kuma sauya musu suna. An bi tsarin nazarin waƙar baka wanda Gusau (1993) ya shimfiɗa, inda ake fara duba salsalar waƙa kafin a shiga turkenta da salonta. Kalmomi irin su jagora da amshi da kirari da zambo an are su ne kawai domin sauƙaƙa bayani.

3.1 Muhallin Birnin

Faransawa ne suka kafa New Orleans a shekarar 1718 a bakin kogin Misisifi. Birnin ya koma hannun Sifaniyawa a shekarun 1760, daga baya Amurka ta saye shi daga Faransa tare da yankin Luwiziyana baki ɗaya a 1803. Kafin yaƙin basasar Amurka, a nan ne kasuwar bayi mafi girma a ƙasar take. Wannan tarihi shi ya tara zuriyar Afirka da ta Turai da ta tsibiran Karebiyan a wuri guda.

Birnin yana zaune ne tsakanin ruwa biyu, wato kogin Misisifi da tafkin Pontchartrain, kuma kusan rabin ƙasarsa tana ƙasa da matakin teku. Saboda haka zaman birnin ya dogara ga ganuwar da aka gina domin tare ruwa, da manyan injinan da ke zuƙe ruwan sama suna fitar da shi. An raba shi gundumomi 17 tun cikin ƙarni na 19, kuma har yau mutumin birnin yakan gabatar da kansa da lambar gundumarsu, ya ce shi ɗan Gunduma ta 3 ne, ko ta 7, ko ta 9.

Ta fuskar yawan jama'a, ƙidayar 1960 ta nuna mutum 627,525. Daga wannan lokaci fararen fata suka riƙa ƙaura zuwa garuruwan kewaye, har ya zamana a ƙidayar 2000 saura mutum 484,674, kuma kashi biyu cikin uku nasu baƙar fata ne. A ƙarshen shekarun 1960 an gina babbar hanyar mota ta sama a kan titin Claiborne, aka sare itatuwan da ke wurin, aka kashe kasuwar baƙar fata da ke gefen titin. Bugu da ƙari, faɗuwar farashin man fetur a 1986 ta jefa jihar cikin rashin aikin yi, sannan ga hodar iblis da ta shigo unguwannin talakawa. A 1994 an kashe sama da mutum 400 a birnin cikin shekara ɗaya. A irin wannan yanayi ne mawaƙan da za a yi magana a kansu suka tashi.

3.2 Kaɗe-kaɗen da Gambara ta Tarar

Gambara ba ta tarar da fili fetal a New Orleans ba. Tun zamanin bauta akwai wani dandali da ake kira Congo Square, inda bayi kan taru ranar Lahadi su yi kiɗa da rawa da 'yar kasuwa, kuma wata dokar birni ta 1817 ta keɓe musu wannan wuri. A wannan birni ne kuma kiɗan jaz ya tsiro a farkon ƙarni na 20. Akwai al'adu biyu da suka fi shafar wannan nazari.

Ta farko ita ce jerin gwanon da ake kira "sahu na biyu". Ƙungiyoyin taimakon kai da kai na baƙar fata, waɗanda aka kafa domin ɗaukar nauyin jinya da jana'izar membobinsu, sukan ɗauko 'yan badujala su zaga unguwanni. 'Yan ƙungiya da makaɗa su ne sahu na farko, duk wanda ya biyo baya yana rawa kuwa shi ne sahu na biyu. Ba a sayen tikiti, ba kuma a ware ɗan kallo da ɗan wasa.

Ta biyu ita ce ta ƙungiyoyin da ake kira Indiyawan Mardi Gras. Waɗannan baƙar fata ne da ke ɗinka tufafin ado na duwatsu da gashin tsuntsu, su fito lokacin bikin shekara, kowace ƙungiya da unguwarta da shugabanta. Waƙarsu ta jagora da 'yan amshi ce, ana kaɗa wani abu mai kama da bandiri, jagora yana wasa kansa da ƙungiyarsa, jama'a suna karɓa masa da gajeren amshi.

Idan aka lura za a ga abubuwa uku a waɗannan al'adu: titi shi ne dandali, jama'a su ne 'yan amshi, unguwa kuma ita ce abin tutiya. Waɗannan ukun su gambarar birnin ta gada.

3.3 Rukunan Gidajen Gwamnati

Bayan dokar gidaje ta tarayya ta 1937, an gina rukunan gidajen bulo domin masu ƙaramin ƙarfi a birnin, aka fara shiga cikinsu wajejen 1941. An gina su ne bisa tsarin wariyar launin fata na wancan zamani: Magnolia da Calliope da Lafitte da St. Bernard na baƙar fata, St. Thomas da Iberville kuwa na fararen fata. Daga baya aka ƙara wasu, kamar Desire da Melpomene da Fischer. Da tafiya ta yi nisa, kusan dukkan rukunan suka koma na baƙar fata, kuma hukuma ta yi sakaci da gyaransu.

Rukunin Magnolia ya isa misali. An fara shi da gidaje 723, aka ƙara 680 a 1955. Gine-ginen benaye ne marasa tsawo, masu baranda, sun kewaye wani fili a tsakiya. Wannan fili shi ne ya zama dandalin casun unguwa. Mai juya faifai yakan jawo waya daga wani gida, ya kafa manyan lasifikoki, yara da manya su fito. A nan yaro mai sha'awar waƙa yake fara karɓar makirfo, kuma nan take yake sanin matsayinsa, domin idan bai iya ba jama'a za su daina rawa. Ke nan rukunin gidajen shi ne makaranta, shi ne kuma kasuwar farko.

3.4 Samuwar Kiɗan Bounce

A farkon lamari matasan birnin kwaikwayon Niyok suke yi. Har ma ɗaya daga cikin ƙungiyoyin farko, wadda Mannie Fresh da Mia X suka yi zamani a cikinta a tsakiyar shekarun 1980, sunanta New York Incorporated. Alamar sauyi ta bayyana a 1989, lokacin da Gregory D da Mannie Fresh suka fitar da "Buck Jump Time", wadda aka ɗora a kan kiɗa mai kama da na sahu na biyu, aka kuma jero sunayen rukunan gidaje a cikinta.

Abin mamaki shi ne, tubalin da aka gina kiɗan birnin da shi daga Niyok ya zo. A 1986 wasu matasa biyu daga unguwar Queens, masu suna The Showboys, suka fitar da "Drag Rap". Waƙar ba ta yi kasuwa a garinsu ba, amma ta samu karɓuwa a biranen Memphis da New Orleans, inda ake kiranta Triggerman, sunan wani ɗan ta'adda a cikin labarin waƙar. Masu juya faifai suka gano cewa wani ɗan yanki nata, mai sauti kamar ƙararrawa yana hawa yana sauka, shi ne yake tayar da 'yan rawa. Sai suka riƙa tsakuro wannan yanki suna maimaita shi. Suka haɗa da wani kiɗan ganga na Cameron Paul, mai juya faifai daga San Francisco, wanda ake kira "Brown Beats" na 1987.

A 1991 MC T. Tucker da DJ Irv, waɗanda ke wasa a wani gidan rawa mai suna Ghost Town, suka naɗi "Where Dey At" a kaset. Ita ce masana suka fi ɗauka a matsayin waƙar bounce ta farko. Ma'anar kalmar ita ce tsalle irin na ƙwallo idan an buga ta da ƙasa. A 1992 DJ Jimi ya fitar da tasa sigar, kuma a cikin kundinsa ne aka fara jin muryar wani matashi daga Magnolia mai suna Juvenile. A 1993 DJ Jubilee, wanda ya tashi a St. Thomas kuma malamin makaranta ne, ya fitar da "Do the Jubilee All" a ƙarƙashin kamfanin Take Fo'.

3.4.1 Sigogin Kiɗan Bounce

Za a iya taƙaita sigogin wannan kiɗa kamar haka:

(i) Maimaita tsakure ɗaya. Ɗaruruwan waƙoƙi an gina su a kan kiɗan Triggerman. A Niyok ana yaba mai haɗa kiɗa idan ya tono tsakuren da ba wanda ya sani, a New Orleans kuwa sanin kiɗan shi ne abin so, domin kowa ya san inda zai shigo.

(ii) Jagora da amshi. Ba a cika samun dogayen baitoci masu ba da labari ba. Mawaƙi yakan jefa gajeren kira, jama'a su karɓa.

(iii) Kiran unguwanni. Mawaƙi yakan bi gundumomi da rukunan gidaje ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar ina mutanensu suke, su kuwa su amsa da ihu. Wannan ya yi kama da kirari, sai dai wanda ake wasawa wuri ne da mutanensa. Mawaƙin da ya tsallake wata unguwa alhali mutanenta suna wurin ya jawo wa kansa magana.

(iv) Umarnin rawa. Sau da yawa turken waƙar shi ne rawar kanta, mawaƙi yana faɗin irin takun da za a yi. Daga nan ne kalmar twerk, sunan wata rawar kaɗa ƙugu, ta fito, kuma waƙar DJ Jubilee ta 1993 tana cikin na farko da aka naɗa da kalmar.

(v) Muryar mata. Mata sun samu wuri tun da farko. Akwai Mia X da Ms. Tee da Cheeky Blakk da Magnolia Shorty, kuma sukan mayar wa maza martani a kan kiɗan da mazan suka yi musu zambo.

Wajibi ne a ambata cewa da yawa daga waƙoƙin cike suke da batsa da zagi, abin da ya sa suka sha suka a cikin birnin kansa, kuma sai an tace su kafin a sa a rediyo. Haka kuma masu sharhi na Niyok sun daɗe suna raina su, suna cewa ba su da zurfin ma'ana. Wannan hukunci ya taso ne daga auna waƙar dandali da ma'aunin waƙar saurare. Hausawa na cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

3.5 Kamfanoni Biyu da Suka Fitar da Birnin

3.5.1 No Limit

Percy Miller, wanda aka fi sani da Master P, ya tashi a rukunin Calliope. Ya buɗe shagon sayar da faifai mai suna No Limit a garin Richmond na jihar Kalifoniya a farkon shekarun 1990, ya mayar da shi kamfani, sannan ya dawo da harkar Luwiziyana a tsakiyar shekarun. Yarjejeniyar da ya ƙulla da kamfanin Priority ta bar masa mallakar asalin naɗin waƙoƙinsa da kaso mafi tsoka na ciniki, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Dabararsa ita ce yawan fitarwa. A 1998 kaɗai kamfanin ya fitar da kundi sama da 20, kuma a shekarar ne Snoop Dogg ya baro Kalifoniya ya shigo cikinsa. Mia X da Mystikal da Soulja Slim duk sun yi aiki a nan. Kiɗan No Limit bai cika bin tsarin bounce ba, ya fi karkata ga labarin fatauci da bindiga, amma sunan Calliope bai bar bakin mawaƙansa ba. Tauraron kamfanin ya dusashe bayan masu haɗa masa kiɗa sun fice a 1999, ya kuma bayyana karyewarsa a 2003.

3.5.2 Cash Money

'Yan'uwa biyu, Bryan Williams da ake kira Baby ko Birdman da Ronald Williams da ake kira Slim, su suka kafa Cash Money a 1991. Da waƙoƙin bounce kamfanin ya fara, ana sayar da kaset a shagunan unguwa da bayan mota. Ɗaya daga cikin kundayensa na farko, na ƙungiyar U.N.L.V. a 1993, sunan wata mahaɗar titi aka sa masa, wato "6th & Baronne". Mannie Fresh ne ya zama mai haɗa kiɗan kamfanin, kuma shi ya san yadda ya sassauta bounce ya ɗora masa dogayen baitoci domin wanda ba ɗan birnin ba ya iya saurare.

A 1997 aka haɗa ƙungiyar Hot Boys, wadda ta ƙunshi Juvenile da B.G. da Turk da Lil Wayne, ɗan unguwar Hollygrove ta Gunduma ta 17. A 1998 kamfanin Universal ya ƙulla yarjejeniyar rarraba faifai da Cash Money wadda aka ruwaito ta kai dala miliyan 30. A ƙarshen shekarar kundin Juvenile mai suna "400 Degreez" ya fito, aka sayar da sama da kwafi miliyan 4. Hoton bidiyon waƙarsa "Ha" a cikin Magnolia aka ɗauke shi, ya nuna barandu da filin tsakiya da mazauna wurin kamar yadda suke. A yau wannan bidiyo ya zama shaidar tarihi. Lil Wayne kuwa shi ya fi kowa nisa, domin kundinsa "Tha Carter III" na 2008 ya haura kwafi miliyan ɗaya a makon farko.

3.5.3 Rikicin Mallaka

Shigowar kuɗi ta tayar da wata tambaya: wa ya mallaki abin da aka ƙirƙira a dandali? Kamfanin Take Fo' ya kai Cash Money ƙara, yana cewa wata shahararriyar waƙar Juvenile ta cikin "400 Degreez" an ɗauke ta ne daga wata waƙar DJ Jubilee mai kusan suna ɗaya. A 2003 kotu ta ba Cash Money gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 2004. Shari'ar ta fito da saɓanin da ke tsakanin dokar haƙƙin mallaka, wadda ke neman mai abu guda ɗaya, da al'adar casu, inda kira da amshi ke yawo daga baki zuwa baki. A cikin Cash Money ma an yi ta rigima a kan kuɗi. Juvenile da B.G. sun fice a farkon shekarun 2000, Mannie Fresh ya bi su a 2005, Lil Wayne kuma ya kai kamfanin ƙara a 2015 yana neman dala miliyan 51, aka sasanta a 2018.

Tashin hankalin unguwa ma bai ƙyale mawaƙan ba. An harbe Soulja Slim a ƙofar gidan mahaifiyarsa ranar 26 ga Nuwamba, 2003. Waƙar da suka yi da Juvenile, "Slow Motion", ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard a 2004, bayan yana kabari. Magnolia Shorty ma harbe ta aka yi a Disamba, 2010.

3.6 Guguwar Katrina da Rushe Unguwanni

Ranar 29 ga Agusta, 2005, mahaukaciyar guguwar Katrina ta sauka a gaɓar tekun kudancin Amurka. Ganuwar da aka ambata a 3.1 ta fashe a wurare da dama, ruwa ya mamaye kusan kashi 80 cikin 100 na birnin. Sama da mutum 1,300 suka mutu a yankin baki ɗaya. Aka kwashe mazauna zuwa Houston da Atlanta da Dallas da sauran garuruwa, kuma bayan shekara ɗaya mutanen birnin ba su kai rabin adadinsu na da ba.

A wannan zaman gudun hijira kiran unguwanni ya samu sabuwar ma'ana. Masu juya faifai suka riƙa shirya daren bounce a garuruwan da aka sauke jama'a, kuma idan an kira sunan gunduma, waɗanda suka amsa sukan gane juna, wani ya samu labarin maƙwabcinsa. Abin da a da yake tutiya ya koma tamkar cigiya. Haka kuma turken waƙoƙin ya karkata ga kuka da zambon hukuma. Mia X da 5th Ward Weebie sun yi waƙoƙi a kan wahalar jiran tallafin gwamnati. A 2006 Lil Wayne ya fitar da "Georgia... Bush" inda ya caccaki shugaban ƙasa na lokacin, Juvenile kuma ya ɗauki bidiyon wata waƙarsa a cikin kangayen Gunduma ta 9.

Babban rashin ya biyo baya. Tun kafin guguwar an fara rushe rukunan gidaje a ƙarƙashin wani shirin tarayya, domin an rushe St. Thomas a farkon shekarun 2000, aka yi sababbin gidaje da kantin Walmart a wurin. Bayan guguwar sai aka kulle manyan rukunai huɗu, aka hana mafi yawan mazauna komawa. Ranar 20 ga Disamba, 2007, majalisar birnin ta amince baki ɗaya a rushe Magnolia da Calliope da Lafitte da St. Bernard, gidaje kimanin 4,500, yayin da 'yan sanda ke tarwatsa masu zanga-zanga a ƙofar zauren. Hujjar hukuma ita ce gidajen sun lalace, sun tara talauci da laifi a wuri guda, kuma sababbin da za a gina za su gauraya masu hali da marasa hali. Masu adawa kuwa suka ce gine-ginen bulon sun jure wa ruwan, kuma ba daidai ba ne a rage gidajen talakawa a lokacin da suke neman hanyar dawowa.

A inda Magnolia take an gina Harmony Oaks mai gidaje 460, waɗanda 193 daga cikinsu ne gidajen gwamnati. Calliope ta koma Marrero Commons, St. Bernard ta koma Columbia Parc. Tsakanin ƙidayar 2000 da ta 2010 baƙar fatar birnin sun ragu da sama da mutum 100,000.

3.7 Kiɗan Bayan Unguwa

Duk da haka kiɗan bai mutu ba, hasali ma bayan ambaliyar ne duniya ta fi saninsa. An ji muryar Big Freedia, ɗaya daga cikin fitattun masu bounce na wannan zamani, a waƙar Beyoncé mai suna "Formation" a 2016. A 2018 Drake, mawaƙin Kanada wanda ya yi suna a ƙarƙashin reshen Cash Money, ya fitar da "Nice for What" da "In My Feelings", dukkansu a kan salon bounce, kuma kowacce ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard. A cikin ta biyun an tsakuro muryar Magnolia Shorty, shekara takwas bayan rasuwarta, a lokacin da unguwar da take ɗauke da sunanta ba ta nan.

Sai dai akwai abin lura. Abin da ya fita duniya shi ne kiɗan da rawar. Kiran unguwanni, wanda shi ne zuciyar abin, ba ya tafiya, domin ba shi da ma'ana ga wanda bai san wuraren ba. Haka kuma da yawa daga waɗanda suka aza harsashin ba su samu rabon da ya kai gudummawarsu ba, abin nan da ake cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ganin haka ya sa wasu suka tashi adana tarihin. A 2010 Alison Fensterstock da Aubrey Edwards sun shirya baje kolin hotuna da hirarraki mai suna "Where They At", a 2012 Matt Miller ya wallafa littafi a kan bounce, sannan Cibiyar Bincike ta Amistad da ke harabar Jami'ar Tulane ta karɓi taskar hirarraki da mawaƙan birnin.

3.8 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda gambarar zamani ta shigo New Orleans a matsayin baƙuwa daga Niyok, ta tarar da al'adar kiɗan titi da ta jagora da amshi, ta zauna a filayen rukunan gidajen gwamnati, har ta haifi kiɗan bounce a 1991. An ga yadda No Limit da Cash Money suka fitar da sunayen Calliope da Magnolia zuwa kasuwar duniya, da rigingimun mallaka da suka biyo baya. An kuma ga yadda ambaliyar 2005 da ƙudurin 2007 suka kawar da unguwannin.

Abin da nazarin ya gano shi ne, sigar da masu sharhi suka fi rainawa, wato jero sunayen unguwanni, ita ce ta zama mafi daraja ta fuskar tarihi. Taswirar birnin ta yanzu tana ɗauke da Harmony Oaks da Marrero Commons, amma wanda ke son sanin sunayen da mazauna ke kiran wurarensu da su, da unguwannin da ke gasa da juna, sai ya koma ga kaset ɗin shekarun 1990. Saboda haka mai nazarin kowace irin gambara ya kamata ya rubuta sunayen wuraren da ke cikinta, ya kuma binciki tarihinsu tun suna tsaye. A babi na gaba za a ɗauki zaɓaɓɓun waƙoƙi a yi nazarin turkensu da salon sarrafa harshensu.